Cittar Silvanus da Rariyar Ƙauna

Shafi na 11

Masu cewa na bar ku a tsaye tun Talata, ku yi haƙuri. Da yatsa ɗaya nake rubutu, kuma in na zo wurin sunansa sai na ajiye wayar na ɗan zagaya tsakar gida. Yadda na tuna abin haka nake ba ku.

Ga waɗanda suka shigo yau. Silvanus mijina ne. Shekarar da cuta ta ruɓar da citta a Kwoi, gonar kowa ta kwanta, tasa ta tsaya kore shar. Meshak, ɗan baffansa, ya tashi a gaban mutane ya ce ko dai Silvanus ya ɓoye magani ya hana 'yan'uwa, ko ya binne wani abu a gonar. Mijina bai amsa ba. Da wannan maganar a kansa ya rasu. Irin cittar da ya rufe da ciyawa a gindin mangwaro ma, bayan biso, wato jana'izarsa, na je na tarar da rami kawai. Na ce aladu ne, na kwashe kayana na dawo Kafanchan.

'Yarmu Ƙauna tana karatun tsirrai a jami'a. Kafin ya rasu ta ɗebi kaɗan a cittarsa ta shuka tukunya huɗu, ta mutane tukunya takwas, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Ta sa musu cutar da gangan, bayan kwana uku ta yanki ganyensu aka tura aunawa. Lokacin hutu famfo ya lalace, tukwanen duka suka bushe. Lambobi kawai suka rage a kwamfutarta.

Sai ta dawo gida ta nuna mini takarda mai ja da kore, ta ce sunan Baba ya wanku.

Ni kuma bakina ba ya riƙe murna. Na kira Fasto a Kwoi na ce ranar Lahadin godiyar kaka zan ba da shaida.

To ga Asabar ɗin.

Muna tsakar gida da hantsi, ni da Yemima ƙanwar Silvanus, wadda ta zo daga Kwoi don mu koma tare. Ina rege acca a ƙwarya, tana yanka yakuwa tana rera waƙar zumuntar mata da muryarta mai kama da ƙofar kwano.

“Matarmu,” ta ce, “accar nan yashi ya fi ta yawa. A bakin rafi kika saya?”

“Ke dai yanka ganye. Wanda bai iya rege ba shi ke zagin acca.”

“Gobe wane zani za ki ɗaura? Ina so in Meshak ya gan ki tuwon safe ya tsaya masa a wuya.”

“Na bikin aurenmu.”

“Zai zagaye ki kuwa?”

Na watsa mata ruwan acca. Ta kauce tana dariya. Rabon da na yi dariya irin wannan tun kafin biso.

Ƙauna tana ɗaki. Sati biyu ke nan tana gida, ta ce an ba su hutu.

Sai muka ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa. Wata mace ta yi sallama, doguwa, da mayafi ruwan toka da tabarau.

“Nan ne gidan su Ƙauna Silvanus?”

“Nan ne. Sannu da zuwa.”

“Sunana Fatimatuzzahra'u. Ni ke duba aikinta a makaranta.”

Yemima ta ajiye wuƙa. “Duka wannan sunan mutum ɗaya?”

Matar ta yi dariya har tabarau ya zame. “Babana bai san rowa ba. Ki ce Dakta kawai, kowa haka yake gajartawa.”

Na ba ta kujera, na ce ta zo a daidai, fate yana hanya. Na fara yi mata godiya, na ce Ubangiji ya sāka mata da ta taimaka aka wanke sunan mijina.

Ta dube ni.

“Mama, wane sakamako aka nuna miki?”

Na shiga na ɗauko takardar daga cikin Littafi Mai Tsarki inda na ajiye ta. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta cire tabarau.

“Ina ɗalibata da ta gudu?”

“Ba hutu aka ba su ba?”

“Sati biyu ina kiranta ba ta ɗauka.”

Ban ɗaga murya ba. Na ce, “Ƙauna. Fito da kwamfutar nan.”

Ta fito tana rungume da ita kamar jariri. Idonta ya riga ya cika.

“Ina kwana, Ma.”

“Lafiya lau. Wannan hoton daga ina?”

Ƙauna ta ƙara rungume kwamfutar.

“Ki amsa wa malamarki,” na ce.

“Ni na haɗa.”

“Kamar yaya kin haɗa?”

Ta zauna a kan turmi. “Mama, na yi gwajin. Bai nuna komai ba. Ya ce cittar Baba da ta mutane duk ɗaya ne. Na kasa faɗa miki. Sai na koma na tsinci waɗanda suka goyi bayan Baba, na share sauran, na yi hoto da su.”

Yemima ta ce, “To mene ne laifin? Ba babanta ba ne?”

Dakta ta ce, “Anti, da wannan hanyar ko akuyar gidan nan zan iya nuna miki ta fi ta maƙwabta ilimi.”

Ni dai ƙwaryar acca na riƙe da hannu biyu don kada ta faɗi. Gobe. Na riga na gaya wa Fasto. Na gaya wa zumuntar mata. Na wanke zani.

Na ce, “Ba na jin Turanci, amma ku gaya mini da Hausa. Me ake aunawa?”

Dakta ta jawo kujerarta kusa da ni.

“A cikin kowane ganye akwai ƙwayoyin gado, sama da dubu ashirin. Ki ɗauka kowace tana da baki. In cuta ta shigo, wasu su ɗaga murya, wasu su yi shiru. Injin yana ƙirga sau nawa kowace ta yi magana a kowace tukunya. Mu kuma mu duba ko akwai waɗanda suka fi magana a cittar mijinki.”

“Dubu ashirin duka ake saurara?”

“A'a. Da yawa ba magana suke yi ba, tari ne kawai, sau ɗaya nan, sau biyu can. In aka bar su, hayaniyarsu ta sa a ƙi yarda da masu maganar gaskiya. Shi ya sa ake tankaɗe su a fitar.”

“Yaushe?”

“Kafin a gwada. Ba bayan an ga wanda ya ci ba.”

Na dubi ƙwaryata. Wannan kam na sani. Ba a rege acca bayan ta dahu.

Na juya wurin Ƙauna. “Ke kin tankaɗe kafin, ko bayan?”

“Na farkon kafin na yi, Mama. Daidai na yi shi. Na biyun ne na yi bayan.”

“Da wace rariya kika yi na farkon?”

“Ba rariya ba ce irin taki. Doka ce ake rubuta wa kwamfuta. Wani ɗan ajinmu, Leonard, ya ba ni tasa na kwafa.”

“Me dokar ta ce?”

Ta buɗe, ta karanta, ta juya mini da Hausa. “Duk ƙwayar da ba ta yi magana aƙalla sau goma a duka tukwane goma sha biyu ba, a zubar da ita.”

“Duka sha biyun?”

“Duka.”

Na ajiye ƙwaryar.

“To wadda take magana a tukwanen babanki kaɗai fa?”

Ƙauna ta sake duban dokar.

“Ina tambaya ne. Wadda a gidan mutane take shiru, sai a gidansu take magana. Ina take zuwa?”

“Bola,” ta ce a hankali.

“Ƙauna, kin manta babanki? Shekara talatin da ɗaya muna tare da shi, kin taɓa jin ya yi magana a taro? Ko a coci in aka ce ya rufe da addu'a sai ya taɓa na kusa da shi. Amma in ya shigo gida ya cire takalmi, wa ke samun wurin sa baki? Da wannan dokar taki shi za ki fara zubarwa.”

Yemima ta tuntsire da dariya, hawaye na zuba. “Gaskiya ne. Yayana ko da kaza sai ya yi hira.”

Dakta ta karɓi kwamfutar ta karanta dokar da kanta. Ta dafa goshi.

“Wannan laifin har da ni. Na sa hannu a kan tsarin aikin ban duba ramukan rariyar ba. Aikin Leonard wani iri ne daban, tasa ta dace da shi. Nan kuwa abin da muke nema shi muka fara zubarwa.”

Ƙauna ta miƙe da sauri. “To bari in shiga bolar in ɗebo na Baba.”

“Zauna,” ni da Dakta muka faɗa tare.

Na ce mata, “Kin tuna yadda muke zaɓen iri a ƙungiyar mata a Kwoi? Kowa ta kawo buhunta, sai a juya sunan ya kalli bango kafin a zazzage. Me ya sa?”

“Don kada mutum ya bar ruɓaɓɓe ya wuce saboda na 'yar'uwarsa ne.”

“To ki gyara rariyarki, amma sunan babanki ya kalli bango.”

Dakta ta ce, “Mama, in kin gaji da sayar da kunu akwai kujera a ofishina.”

Sannan ta daina dariya. Ta ɗaga takardar mai ja da kore.

“Sai dai ki ji wannan tukuna. In mun gyara muka sake, zai iya fitowa babu komai kuma. Ban yi miki alkawari ba. Wannan takardar kuwa, in kin ɗaga ta gobe a coci, babu wanda zai gane. Ni ba zan je Kwoi in tona ba. Amma ba za ta shiga littafin binciken Ƙauna ba.”

Yemima ta matso kusa da kunnena, ko da yake kowa na ji. “Matarmu, riƙe mai kalan nan. Meshak ko sunansa da ƙyar yake karantawa.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so. Na riƙe takardar na daɗe. Na ga kaina a gaban bagaden coci da zanin aurena, na ga Meshak ya sunkuyar da kai.

Sai na tuna ranar da aka zarge shi. Ya dawo gida, ya wanke ƙafa, ya ce mini, “Emilia, ban ɓoye komai ba. In na yi rantsuwa ma za su ce rantsuwar ce maganin.” Mutumin da aka kashe da cewa ya ɓoye abu, ni kuma in je in wanke shi da abin ɓoye?

Na tura takardar cikin murhu, ƙarƙashin tukunyar fate.

Yemima ta ce, “Shi ke nan, an ƙona mana kala.”

Dakta ta ce Ƙauna ta ɗauko biro da takarda. “Rubuta sabuwar dokar da hannu kafin ki taɓa komai. Rukunin da ya fi ƙanƙanta tukunya nawa ne?”

“Huɗu, Ma.”

“To rubuta. Duk ƙwayar da ta yi magana aƙalla sau goma a tukwane huɗu, ko na waye, ta zauna.”

Na ce, “Ko na waye?”

“Ko na waye. Rariyar ba ta san suna ba. In huɗun na mutane ne, ta zauna. In biyu nasa ne biyu nasu, ta zauna. Sai an gama tankaɗe ake juyo da sunayen a gwada. Kuma sau ɗaya za mu yi. Abin da ya fito shi ne.”

Ta ƙara da cewa a littafin Ƙauna sai an rubuta rariya ta farko da kuskurenta, da dalilin canza ta. Ƙauna ta ce to. Dakta ta sa hannu a ƙasa, ta miƙo mini biro na rubuta Emilia. Yemima ta ce ita ma shaida ce, ta dangwala yatsa mai ruwan yakuwa.

Ƙauna ta gyara layi ɗaya. Layi ɗaya tak. Ta danna.

“Yanzu fa?” na ce.

“Sai mun jira, Mama. Kamar minti goma.”

Ban iya zama ba. Na zuba acca a tukunya, na zuba gauta da gyaɗa, na juya. Yemima ta fara waƙa, ta manta baiti na biyu, ta koma na farko. Dakta ta tambaya ko a faten akwai abin da ba za ta ci ba, na ce ganye ne da gyaɗa da ƙashin saniya, ta ce to a cika mata kwano, tun safe shayi kawai ta sha.

Na zuba wa kowa. Ƙauna ba ta taɓa nata ba.

“Ci,” na ce.

“Mama abeg.”

“In ya fito babu komai, gobe zan tashi in ce na gode wa Ubangiji da ya ba ni miji mai gaskiya da 'ya da ta koyi tankaɗe. Ita ma shaida ce. Ci.”

Ta kai cokali ɗaya baki. Sai kwamfutar ta yi ƙara kaɗan.

Babu wanda ya motsa.

Dakta ce ta ajiye kwano ta leƙa. Ta sa tabarau. Ta ja yatsa ƙasa, ta sake ja. Ni fuskarta nake karantawa tunda ba na iya karanta allon.

“Ƙauna, karanta wa mamanki lambar nan.”

“Sittin da uku.”

“Sittin da uku me?” na ce.

“Ƙwayoyi sittin da uku, Mama. A tukwanen Baba huɗu suna ihu. A na mutane takwas kusan shiru.” Ta nuna allon da yatsa. “Hamsin da ɗaya a cikinsu suna bola tun farko.”

Dakta tana bin sunayen da yatsa. “Wannan na san ta. Wannan ma. Irin waɗanda tsiro ke tayarwa ne in zai yi faɗa da ruɓa.” Ta juyo gare ni. “Mama, ba zan ce mun samo maganin cutar ba, da sauran aiki. Amma tukwanen nan a makaranta suka girma, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, mijinki bai taɓa su ba. Bambancin a jikin cittar yake. Wannan zan iya sa hannu a kai.”

Irin da ya gāda wurin mamarsa ne. 'Yar ƙarama, ba ta cika buhu, kowa yana masa dariya yana cewa ya koma shuka babbar citta, tafin giwa, kamar mutane. Yakan ce ta tsohuwa ce, ba zai bar ta ta ɓace ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji dai ina rawa da muciya a hannu, ina kuka, ina dariya. Yemima ta yi guɗa har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya ko haihuwa aka yi. Ƙauna ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana cewa in yafe mata. Na ce tashi, fatenki zai huce. Dakta ma ta tafa mana, ta nemi ƙari.

Da muka natsu, ta goge hannu ta ce, “Saura abu ɗaya. Tukunya huɗu kaɗan ne. Dole a sake shukawa, a gwada da yawa, a bar su har ƙarshe a ga wadda ta tsaya. In ya tabbata, irin nan zai iya ta da gonakin Kwoi. Nawa ya rage a wurinki?”

Murnata ta sauka.

“Babu, Dakta. Ko yatsa ɗaya. Aladu sun tone bayan biso.”

Ƙauna ta rufe kwamfutar a hankali.

Sai na lura Yemima ta daina cin fate. Tana ta juya cokali a kwano. Yemima da ba ta taɓa barin abinci ya huce ba.

“Ke kuma fa?” na ce.

“Matarmu, in na faɗi wani abu, ba za ki jefe ni da muciyar nan ba?”

“Faɗi.”

“Ajiye ta tukuna.”

Na ajiye.

“Alade ba ya kwashe ciyawa ya tara ta gefe ɗaya. Alade ba ya zuwa da buhu.”

“Yemima.”

“Na gani da idona, kwana biyu bayan biso. Na yi shiru don lokacin ko ruwa ba kya iya haɗiyewa, na ce in na faɗa za a yi biso na biyu. Irin bai ɓace ba. Damina biyu ke nan ana shuka shi a bayan rafi, inda ba hanya. Ya yi kore shar, ya kai kunya arba'in.”

Dakta ta miƙe tsaye. “Gonar waye?”

Yemima ta dubi zanin aurena da ke shanye a igiya, sannan ta dube ni.

“Wanda zai karɓi baikon godiyar kaka a gaban bagade gobe. Meshak.”